Kabarin Fenti

Malam Wada ya ce a duk ƙasar Doguwa, daga Riruwai har bakin titin Jos, shi kaɗai ne ya san yadda ake zubar da fenti bisa doka. Ya faɗa a teburin mai shayi, ya faɗa a ƙofar masallaci, ya dawo gida ya faɗa wa matarsa Hasana, wadda ba ta tambaya ba.

Hujjarsa ita ce shekara goma sha ɗaya da ya yi yana masinja a wani kamfanin gine-gine a Kano. Da kamfanin ya naɗe tabarmarsa, Wada ya dawo Riruwai da keke, da agogon hannu, da galan huɗu na fentin mai, shuɗi. Galan ɗaya da rabi ya shafe ƙyauren gida da tagogi biyu da keken kansa. Sauran biyu da rabi suka zauna a zaure suna jiran hukunci.

To, a Riruwai ba a san wani abu wai shi saura ba. Gwangwanin madara fitila ne, tsohuwar taya takalmi ce, buhun da ya yage labule ne. Saboda haka mutane suka fara sallama. Buba makiyayi ya zo neman ɗan abin da zai yi wa ƙahon shanunsa alama. Baba Ubale, wanda ya tsufa a haƙar kuza, ya ce amalankensa na tsatsa. Maƙwabciyarsu Baturiya ta leƙo ta katanga ta ce ƙyauren ɗakinta ya ci rana har ya gaji.

Wada ya sallame su duka da jawabi ɗaya.

"Fenti ba kunun sadaka ba ne da za a bi gida-gida ana rabawa. Guba ne. A birni akwai ƙa'ida."

"Mece ce ƙa'idar, Malam?" in ji Hasana, tana daga bakin murhu.

"Binnewa. Ƙafa shida."

Hasana ta so ta tambaye shi, in binnewa ake yi a birni, ta wace hanya galan huɗu suka biyo shi gida. Ta dubi tukunyarta, ta fasa tambayar.

Ita ta san abin da ya tayar da zancen. Lokacin soja ne, ana fitowa shara duk Asabar ɗin ƙarshen wata, kuma an aiko cewa ran Laraba ta sama duba-gari zai zo daga Doguwa ya naɗa shugaban kwamitin tsabta na unguwa. Wada har ya sayi usur, yana gwada shi a banɗaki.

Duk wannan bai dame ta ba. Abin da ya dame ta wurin da ya zaɓa. Bayan katangar gida ne, a kan ɗan tudu, rijiyarta kuma tana gangare daga ciki. Rijiyar nan mahaifinta ne ya haƙa mata da hannunsa shekarar da ta tare. Gida tara ke sha daga cikinta, don ruwan tsofaffin ramukan kuza kore ne shar, ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa baki. Da ruwan take dama kokon da take sayarwa.

"Malam, nan fa hanyar ruwa ce," ta ce. "Damina ta kusa. Gwangwani kuma ba ya shekara a ƙasa."

"Ke kin taɓa zuwa Kano?"

"Sau ɗaya, asibiti."

"To asibiti ba ofis ba ne."

Shi ya yi haƙar da kansa, don ya ce 'yan kuza ƙarfi gare su, ba su san ƙa'ida ba. Kwana biyu ya yi a ramin, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Ya jera gwangwanayen a ƙasa, ya mayar da ƙasa, ya tattake. Dama ya rage ɗan fenti a gwangwanin madara, da shi ya rubuta allo ya kafa a kai: AN BINNE FENTI A NAN. ƘAFA SHIDA. BA MAI TAƁAWA. M. WADA. Ya ja baya ya tsaya hannu a ƙugu. Da an kawo liman da ya ce a yi addu'a.

Wada ya daɗe a birni, ya manta garinsu. Tun zamanin Turawan kuza mutanen Riruwai suka gane cewa duk inda aka kafa allo aka ce kada a taɓa, nan arzikin yake. Kuma a garin ba a taɓa jin wanda ya haƙa ƙafa shida ya mayar da ƙasa don Allah da Annabi ba. Hasana 'yar ɗan kuza ce, ba ta manta ba.

Da safe Baturiya ta shigo ɗiban ruwa, ta ajiye tulu, ta rage murya.

"Ke Hasana, tsakaninki da Allah, me mijinki ya gani a ramin nan?"

"Yaya, ni ban leƙa ba," in ji Hasana tana jan guga. "Na dai ga ya fito da baƙar ƙasa a hannu, ya tsaya yana kallonta, ya yi shiru."

Ba ƙarya ta yi ba. Bororon hannunsa yake dubawa. Amma a Riruwai baƙar ƙasa alamar kuza ce, kuma Baturiya ba ta riƙe magana.

Ran Litinin Wada ya hau motar Doguwa don ya tuna wa duba-gari hanyar gidansa. Ƙurar motar ba ta kwanta ba Baba Ubale ya iso da diga da shebur da tsofaffin abokan aikinsa biyu. Hasana tana jin su ta bayan katanga tana tankaɗe. Aikin da ya ci wa Wada kwana biyu, kafin azahar sun kai ƙasa. Sai ta ji shebur ya bugi ƙarfe.

"Shekara arba'in ina haƙa," in ji Baba Ubale, "yau na ga allon da ya faɗi gaskiya."

Ya matso jikin katanga ya yi gyaran murya.

"'Yar nan, fenti ne. A mayar?"

"Baba, ni mace ce, ban san doka ba. Na dai san amalankenka na tsatsa."

Kafin la'asar an raba. Suka cike ramin, suka tattake, suka mayar da allon, har ya fi da miƙewa.

Washegari Wada ya zaga gari ya dawo da fara'a. Ya ce wa Hasana mutane sun fara kwaikwayonsa, ko'ina shuɗi, har ƙyauren Baturiya.

"Amma nasu ɗan kasuwar Tudun Wada ne. Kin duba da kyau? Bai kai nawa haske ba."

"Ban lura ba, Malam," ta ce.

Ran Laraba da hantsi duba-gari ya iso a kan babur, Malam Isa, wani siriri mai kaki da jakar fata. Mazan unguwa suka taru a bayan gida. Hasana ta ja turmi jikin katanga ta zauna, inda akwai wata 'yar tsaga da take ganin komai.

Wada ya sha farar riga, usur a wuya. Ya yi bayani tun daga ranar da aka ɗauke shi aiki. Ya kawo kan mutanen da suka zo roƙon guba da hannu biyu ya hana su.

"Yallaɓai, ko ɗigo ɗaya bai shiga hannun jahili ba. Yana nan ƙarƙashin ƙafarka, ƙafa shida, har tashin duniya."

Malam Isa ya dubi katangar gidan. Ya taka daga allon zuwa katanga yana ƙirgawa, ya yi ɗage ya leƙa, ya ga rijiya, ya ga Hasana. Suka gaisa.

"Taku goma sha ɗaya," ya ce. "Kuma gangare. Malam Wada, wa ya ce maka ana binne fenti?"

"Haka ake yi a birni, Yallaɓai."

"A birnin na yi shekara shida ina wannan aikin. Gwangwani zai ci tsatsa, ruwan sama ya wanke abin da ke ciki ya kai rijiya. Kwana nawa da binnewa?"

"Biyar," in ji Wada, muryar ta ɗan sauka.

"Ka tabbata murfin bai buɗe ba da kana tattakawa?"

Wada ya dubi allon, allon bai taimake shi ba.

Malam Isa ya buɗe jaka ya fito da jan alli. Ya ce sai ya sa wa rijiyar alama, ba mai sha har a tono a gani, in kuma an tarar ya zuba, cike ta za a yi. Ya nufi ƙofar gida.

Hasana ta duba ta tsagar. Baba Ubale ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa. Abokansa biyu sun sami wani abin kallo a sama. Ba mai son a ce shi ya tone wa mai gida rami a bayan idonsa. Ta lissafa fushin Wada, ta ga bai wuce kwana uku ba, ranar huɗu yunwa ke sauko da shi. Rijiya kuwa in an cike ta, mahaifinta ba ya duniya balle ya haƙa wata.

"Baba Ubale," ta ce ta kan katanga, ba ta ɗaga murya ba, "a gaya wa baƙo gaskiya, rana na yi."

Tsohon ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, ba komai a ramin. Mun zaci kuza ce."

"To ina fentin?"

Baba Ubale ya nuna da haɓa. Amalankensa na jingine a gindin mangwaro, shuɗi har ƙafafu. Ga ƙyauren Baturiya can yana ƙyalli. Ga bencin mai shayi. Daidai lokacin shanun Buba suka gangaro za su mashaya, kowace da shuɗin zobe a ƙaho, suka ratsa taron ba su gaida kowa ba.

"Gwangwanayen fa? Kada in ji an zuba ruwa ko abinci."

"Ƙusoshi ne a ɗaya. Biyun mun zuba yashi a kan ɗan abin da ya rage, suna kan rufin kwano suna bushewa."

Malam Isa ya mayar da allin jaka. Hasana ta tashi daga kan turmin.

"Abin da muke ta roƙon mutanen birni su yi ke nan," ya ce. "A ba wanda zai shafa, ragowar a busar da ita kafin a yar. Wa ya tsara wannan rabon? Irinsa nake nema a kwamiti."

Wada ya gyara wuyan riga, ya matsa gaba taku ɗaya.

"Ai tsarina ke nan, Yallaɓai. Tun farko ni na ce a raba wa jama'a. Ni ban taɓa yarda da binne fenti ba."

Malam Isa ya juya wajen allon. Baba Ubale ya sa hannu ya riƙe masa shi don kada ya karkace. Duba-gari ya bi rubutun da yatsa, a hankali, yadda na baya za su ji.

"An binne fenti a nan. Ƙafa shida. Ba mai taɓawa. M. Wada." Ya ɗago kai. "Wannan wani Wadan ne?"