Kujerar Ɗakin Gwaji

Auta tana cikin lanƙwasa ƙafar tabarau a bayan kunnen wani dattijo sai Kawu ya banko ƙofar shagon, yana kaɗa takarda sama kamar shi aka ba gurbin karatun.

"Yau ne fa ranar ƙarshe! Ƙarfe huɗu za su rufe karɓar amsa. Me ake jira?"

"Sannu da zuwa, Kawu. Ina sane."

Kawu ƙanin mahaifiyarta ne. Ya taɓa yin kwas na wata tara a ƙasar waje tun kafin a haife ta, kuma tun daga lokacin duk maganar da ta tsallake iyaka, ko ta sayen agogo ce, sai an ji ta bakinsa. Jami'o'i biyu na waje ne suka ɗauki Auta karatun ido. Ɗaya babba ce, sunanta ko a bakin direban bas za ka ji shi, shekara uku an gama. Ɗayar ƙarama ce, a wani gari da Kawu da kansa ya kasa furta sunansa, ita kuma shekara biyar. Bai ɓata lokaci ba ya yanke hukunci: wadda ta iya koyarwa ita ke sallamar ɗalibi da wuri, shekara biyar ta masu nauyin kai ce.

Baba ya leƙo daga bayan injin yankan gilashi yana murmushi. Shekara talatin yana wannan sana'a. Daga yadda mutum ya kanne ido a bakin ƙofa yakan faɗi lambar gilashin da zai dace da shi, kuma da wuya ya kuskure. Amma doka ba ta ba shi damar duba idon kowa ba, don ba shi da lasisi. A ƙuryar shagon akwai ɗakin gwaji, da kujera da na'urar da ya saya da guminsa, kwana shida a mako yana kulle. Sai ranar Laraba wani likitan ido yake zuwa ya buɗe, ya duba mutane, ya sa hannu a takardu yana yi wa Baba magana ba tare da ya ɗago kai ba. Likitan Laraba suke ce masa. Baba yakan tsaya a ƙofar ɗakinsa kamar baƙo, kuma abin yana ci masa rai. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ga Auta a kan kujerar nan.

Shi ya sa ya manna hoton babbar jami'ar a jikin bango. Wata ɗaliba ce cikin farar riga, ta kafa ido a na'ura irin tasu sak.

Auta kuwa ba hoton ta tsaya kallo ba. Ta bi jerin darussan shekara ukun layi-layi, sau biyu. Ta ga ilimin haske, ta ga ƙirar gilashi, ta ga bincike a ɗakin gwaje-gwaje. Majiyyaci ko ɗaya ba ta gani ba. Ta san in ta faɗa haka da baki, Kawu zai murƙushe maganar kafin ta kai ƙarshen jimla, don haka ta sallami dattijon, ta ɗauki jakarta.

"Baba, zan je in dawo. Kafin uku ina nan."

"Yau kuma? Ina za ki?"

"Wurin masu ba da lasisi. Tunda su za su ba ni mukullin ɗakin can, gara in ji ta bakinsu."

Bas biyu ta hau. Ofishin hukumar yana hawa na uku, fanka ɗaya tana juyawa a kan mutum goma sha. Da layi ya zo kanta, ta zauna gaban wata mata mai furfura wadda tabaraunta ya karkace, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Auta ta yi ƙoƙarin kau da kai, ta kasa.

"Ranki ya daɗe, ba ni tabaraun nan minti ɗaya. Yana sa ki ciwon kai da yamma, ko?"

Matar ta dube ta da mamaki, ta miƙa. Auta ta zaro ɗan sukundireba daga jaka, ta ɗaure, ta lanƙwasa, ta mayar mata. Matar ta juya kai hagu da dama, ta saki dariya.

"Ikon Allah! Wata shida ina zargin hawan jini. To, 'yata, me ke tafe da ke?"

Auta ta shimfiɗa takardun biyu. Matar ta jawo wani kundi, ta bi shi da yatsa, ta tsaya.

"Babbar nan jami'a ce ta gaske, ba wanda zai musa. Amma wannan digirin na kimiyyar gani ne. Masu shi kamfanin ƙera gilashi suke tafiya, ko su zarce bincike. Ba ya cikin jerinmu, don ba su taɓa majiyyaci. In kin kawo mana shi, sai dai mu taya ki murna mu ce ki koma makaranta." Ta ɗaga ta biyun. "Wannan shi ne na aikin. Shekara huɗu a aji, ta biyar a asibiti. Sai dai ki tabbatar suna barin ɗaliban waje su yi shekarar asibitin, don wasu 'yan ƙasarsu kawai suke ba."

"Na tambaye su tun makon jiya. Ga amsarsu a rubuce."

Matar ta karanta, ta dube ta ta saman gilashi.

"Ke ce ta huɗu da ta zo mini da wannan maganar a watan nan. Ke kaɗai kika zo kafin tafiya. Sauran da digirin a hannu suka zo, ɗaya a nan ta zauna tana kuka."

Ta buga mata shafin jerin, ta danna hatimi.

Uku saura kwata Auta ta shigo shago. Kawu yana nan, ya ja kujera gaban kwamfuta, ya ma buɗe shafin babbar jami'ar yana jira. Ta ajiye takardar a kan kantar shagon, ta yi bayani a nutse.

"Yanzu wata ma'aikaciya a bayan tebur ta fi jami'ar da duniya ta sani?" in ji Kawu. "Lokacin da nake waje..."

"Jami'ar ba ta yi ƙarya ba, Kawu. Komai ta rubuta. Mu ne muka karanta hoto muka bar rubutun."

Kawu ya shiga gyaran hula.

Baba ya matso. Ya ɗauki takardar, ta ɗan yi rawa a hannunsa, sai ya mayar da ita kan kantar ya sunkuya yana karantawa. Shekara guda ke nan hannun yana masa haka. Auta ce take ɗaure ƙananan kusoshi yanzu, kuma ba wanda ya taɓa furta dalili tsakaninsu. Ta san me shekara biyu ta ƙari take nufi a wurinsa, kuma tausayinsa ya kama ta. Amma ba ta ja da baya ba.

"Uku na sa a raina," ya ce a hankali.

"Na sani, Baba. Amma uku ba za ta kai ni ɗakin can ba. Nan za ta dawo da ni, bayan kantar nan, inda nake tsaye yanzu. Biyar ɗin kuwa na yi maka alkawari zan iya."

Ya daɗe yana kallon hatimin. Sannan ya ce, "Kawunta, ɗan ba ta wuri."

Auta ta zauna, ta rufe shafin babbar, ta buɗe na ƙaramar, ta danna amincewa. Saƙon tabbaci ya shigo nan take. Da ta juyo sai ta ga Baba yana lalube a aljihu, ya fito da waya, fuskarsa kamar wanda za a cire wa haƙori.

"Wa za ka kira, Baba?"

"Mutumin nan." Ya yi gyaran murya. "Larabar da ta wuce ya ɓata mini rai, na ce masa ya ci zamaninsa, shekara uku ta rage masa a shagon nan. A gaban mutane na faɗa."

Kawu ya fashe da dariya. Auta ba ta yi ba. Tunda take ba ta taɓa jin mahaifinta ya ba wani haƙuri a kan abin da yake da gaskiya ba, kuma ta san don ita zai yi.

Wayar ta yi ƙara sau uku, aka ɗauka. Baba ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga.

"Likita, barka da yamma, ni ne. Maganar nan da na yaɓa maka, ka yi haƙuri, na janye ta. E. A'a, ba uku ba ce, biyar nake roƙo."

Ya saurara, yana gyaɗa kai, yana haɗiye abin da ake faɗa masa. Can ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya harari Auta.

"Ke kuma wallahi kada ki kuskura ki maimaita aji."