Dutsen Jego

Shekara biyu na yi ina zarya tsakanin unguwannin Lembah Pantai da Cheras kafin Mak Cik Senah, wato Gwaggo Senah da harshensu, ta daina kallona a matsayin baƙuwa. Ungozoma ce, gajeriyar tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, da hannuwa kamar na mai tuƙin tuwon biki. Ni kuwa digiri na uku ne ya kawo ni Kuala Lumpur, kuma bincikena a kan jegon matan Malay ne. Su kwana arba'in da huɗu suke yi, mu arba'in. Ranar da na gaya mata haka, cewa ta yi wai matan Kano saurin me suke yi da ba za su iya ƙara kwana huɗu ba.

Da wannan tsokanar muka saba. Na ba ta labarin wankan ganye da tafasasshen ruwa da kunun kanwa, ita kuma ta nuna mini dutsenta. Dutsen kogi ne sumul, ana gasa shi a wuta, a naɗe shi da ganye da tsumma, a riƙa danna wa mai jego a ciki da mara har jikinta ya koma daidai. Da baki kawai take yi mini bayani. Ɗakin da take aikin kuwa, ko leƙe ba ta bari in yi.

Ana nan sai na samu ciki, na fari bayan shekara shida da aure. Mahaifiyata ta rasu tun ina sakandare, kuma babu wadda za ta taso daga Kano ta zo ta zauna da ni. Mijina Abdulgani mutumin kirki ne, amma ko ruwan shayi sai ya tambayi ina tukunya take. Wata rana ina gaya wa Mak Cik haka sai kuka ya ƙwace mini. Ta shige ɗaki ta fito da wani dutse, ta ɗora mini a cinya.

"Wannan naki ne," in ji ta. "Kai shi gida ki ajiye. Kina kwana uku da haihuwa zan zo in gasa shi da hannuna, kullum, har kwana arba'in da huɗu. Ban ce arba'in ba."

A jirgin ƙasa na MRT rungume da shi na dawo, mutane suna ta kallona. Na ajiye shi a tagar kicin. Tun rasuwar mahaifiyata ban taɓa jin ina da uwa ba sai ranar.

Bayan wata biyu 'yarta Noraini ta haihu, sai ga Mak Cik ta kira ni da kanta, ta ce in zo da na'urar ɗaukar hoto. Ta shigar da ni ɗakin. Ita ɗaurin ƙirji ne a jikinta, kanta babu ɗankwali, furfura a waje. Noraini na kwance, cikinta a buɗe. Kafin in kunna na'urar tsohuwar ta riƙe mini hannu ta ce, "Idonki kaɗai." Na ce idona kaɗai, har da rantsuwa.

Da na dawo gida na kunna sai na ga ta kaina. Da karin harshen jiharsu ta Kelantan suke hira, da sauri kuma, ni ko rabin abin da suke faɗa ban kama ba. Nan na tuna da Walida. Tun muna jami'a a gida muke tare, kwano ɗaya muke ci, ita ta tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan. Tana karatun lafiyar mata masu haihuwa a wata tsangaya daban, kuma Malay a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibi. Na kai mata bidiyon har ɗakinta.

"Maganar kawai za ki saurara ki rubuta mini, sannan ki goge," na ce mata.

"Haba Rabi, sai ka ce ba ni ba? Boleh, zan iya. Don't worry lah."

Ta rubuta mini tsaf, shafi tara. Har kilishin da aka kawo mini daga gida na raba biyu na ba ta.

Cikina na wata takwas na ga sunanta a allon sanarwa, za ta gabatar da takarda a taron tsangayarsu. Ba ta gaya mini ba, ni kuma da wautata na ɗauka kunya ce. Na ja ƙafafuna da suka kumbura na je, na zauna a baya don in ba ta mamaki. Zauren ya cika, maza sun fi mata yawa. Ta yi minti goma tana magana, sai ta danna wani abu, sai ga Mak Cik Senah a jikin bango, girmanta ya kai ƙofar gida, kai babu ɗankwali, tana danna dutse a cikin Noraini. Wani farfesa a gabana ya gyara zaman tabarau. Da aka gama aka yi mata tafi.

A bakin zauren na tare ta.

"Rabi, calm down, ai minti biyu ne kawai," in ji ta. "Supervisor ɗina ya ce paper ɗin babu data, ya kike so in yi? Kuma na sa sunanki a acknowledgement fa."

"Matar da ta ce idona kaɗai kika buɗe wa maza?"

"To wa zai gani a Cheras? Kin cika ɗaukar abu da zafi."

Wallahi da ba don cikin da ke jikina ba, da ranar an ga dambe a jami'a. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ko a jikinta. Tana maganar tana ɗaga wa wasu hannu.

Tsangayar ta ɗora taron duka a intanet, kamar yadda suka saba. Cikin mako guda wani abokin aikin mijin Noraini ya tura masa. Na yi ta rubuta takardu har aka sauke bidiyon, amma an riga an yi ɓarin manja. Noraini ta aiko da wasiƙa ta janye amincewarta, babi uku na aikina suka bi ruwa. Wannan bai hana ni barci ba kamar tunanin tsohuwar.

Na je Cheras da azahar. Ta buɗe ƙofar katako, ta bar ta ƙarfe a kulle tsakaninmu. Hijabi ne a jikinta har gwiwa, irin wanda take sa wa idan mai kawo gas ya ƙwanƙwasa. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na ji sauƙi.

"Ita matar nan, sace miki ta yi?" ta tambaye ni.

Da na ce e, da shi ke nan, na san za ta yarda. Na kasa.

"A'a, Mak Cik. Ni na ba ta."

Ta ce to. Ta leƙa sama ta bayan kafaɗata, ta ce, "Hanya da nisa. Ki koma kafin ruwa ya sauko." Ta tura ƙofa.

Na haifi 'ya mace ranar wata Talata. Ranar Juma'a kwana uku ya cika. Tun safe na sa Abdulgani ya wanke dutsen, ya kalle ni, ya wanke. Kowane motsi na ji a matakala sai in juya in kalli ƙofa. Da hantsi aka ƙwanƙwasa. Ban jira shi ba, na dafa bango na ja jiki na buɗe ƙofar katako da kaina.

Walida ce, da ledar abinci a hannu ɗaya, ƙunshin ganye a ɗayan, tana murmushi.

"Mai jego! Na yi miki tapau, ga abincin nan na sayo. Ina dutsen yake? Kawo in gasa miki, ai na iya. Bidiyon nan na kalle shi ya fi sau hamsin."

Na tsaya ina kallonta ta cikin ƙarfen ƙofa. Jaririya ta fara kuka a ɗaki. Na dubi ganyen da ke hannunta, irin wanda Mak Cik take amfani da shi ne, ko kuskure babu.

"Walida," na ce, "hanya da nisa. Ki koma kafin ruwa ya sauko."

Na rufe ƙofa, na shiga kicin na ɗauki dutsen da hannu biyu. Har yanzu da laimar wankin a jikinsa, sanyi ƙalau. Na mayar da shi tagar, na tafi na ɗauki 'yata.