Ƙaramin Bututu

Sati uku ina zaune a kan benci ina danna madanni ɗaya-ɗaya, sai ka ce wadda aka yi wa horo. Ni Azumi, mai tuyar ƙosai a unguwar Hindawiyya ta Jidda, me ya haɗa ni da ogan? Maigidana ne ya ja mini, Malam Jabiru.

Yana saurayi a Jos ya koyi kafinta wajen wani tsoho mai gyara wa coci-coci ogan, abin kiɗan nan mai tarin bututu da zugazugi ke hura wa iska. Da muka zo Jidda kuwa, wa zai tambaye ka wannan sana'a? Shekara goma sha tara yana ƙera akwatunan kaya a wani sito na tashar jiragen ruwa, injin yankan katako na ihu a kansa daga safe har la'asar. Baya ya tafi, gwiwa ta tafi. Ni ma na gaji da dafa ruwan gasa masa jiki.

Sai ga wata Madam Haifa za ta buɗe makarantar kiɗa, ta sayo tsohon ogan daga Turai a wargaje. Malam ya gane shi tun a sito. Ta ce idan kowane bututu ya yi magana kafin ranar Alhamis da za a buɗe, za ta zama kafilinsa mai ɗaukar nauyinsa, ta mayar da iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ƙarƙashin makarantar, ya riƙa kula da abin. Ke nan shi da tasha halas, an rabu.

Wallahi ya yi aiki. Ya sake wa zugazugin fata, ya wanke bututu ɗari biyu da ashirin, wani ya fi shi tsawo, wani bai kai fensir ba. Amma saita murya sai mutum biyu: ɗaya ya danna, ɗaya ya shiga ciki yana ƙwanƙwasa zoben kwanon da ke kan bututu, sama ko ƙasa, har muryarsa ta daina rawa da ta ɗan'uwansa. Shi ya sa na rufe kasko. Bai yarda na taɓa komai ba sai madanni. Ɗan ƙarfen da yake ƙwanƙwasawa da shi ko kallonsa ba a yi.

Ranar Laraba bayan azahar saura ɗaya, ƙaramin cikinsu.

"Danna, Azumi!"

Na danna. Abin ya tsala ƙara kamar sauro ya shiga kunne.

"Na ce ki danna mana!"

"Haba Malam, ai na danna."

Ya ciro bututun, ya leƙa, ya share bakinsa da gashin kaza, ya mayar. Na danna, ya sake tsalawa. Ya yi tsaki, wai ya toshe. Sau uku muna haka, gumi na zuba masa duk da sanyin ɗakin.

A nan na fara ganewa. Na tuna yadda nake kiransa sau uku a gida kafin ya waiwayo, ina cewa miskilanci ne. Na tuna wayarsa na ta kuka a aljihu yana cin tuwonsa hankali kwance. Ashe ba hali ba ne. Kunnen ne ya tafi.

Ya fito da bututun ya tsaya a gabana, ya sa a baki, ya hura da duk ƙarfinsa. Ban san lokacin da na toshe kunnuwana ba.

Ya tsaya yana kallon hannuwana.

"Yana yi?"

"Yana yi, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun dannawar farko."

Ya zauna a gefen bencin. Tausayinsa ya kama ni, haushin injin nan ya cika ni, har na rasa wanda zan zaga. Abin da zai fitar da shi daga tasha, tashar ta riga ta cinye.

Madam Haifa ta leƙo ta ƙofa. "Yalla ya Jabir, halas?"

"Saura kaɗan, Madam."

Ta juya ta tafi. Can ya ce, "Kina jin rawar nan da nake faɗa, in murya biyu ba su daidaita ba?"

"Sati uku fa ina shanta. Na kusa da ƙaramin nan ma guda huɗu suna rawa, na yi shiru ne."

Ya miƙo mini ɗan ƙarfen.

Na ɗaure abayata a ƙugu, na shiga ciki ina bismilla, na mayar da bututun raminsa kamar yadda na ga yana yi. Shi kuma ya zauna a mazaunina, ya ɗora yatsa. Ƙarar ta cika ɗakin.

Ya ɗago kai yana nemana ta tsakanin bututun.

"Azumi, na danna daidai? Ki gaya mini in ya fara."