Wasa a Daɓen Rimawa

Sa'adu bai taɓa ce wa Malam Ma'azu a'a ba, kuma wannan ne ya sa maganar ta yi shekaru tana ja. Duk shekara, da an gama shanyar shinkafa an share daɓen Rimawa, sai wayar tsohon ta shigo. Zai gaishe shi, ya tambayi iyali har da awakin gida, sannan ya ce, "To Sa'adu, bana dai ka kawo muna yaran ga naka su buga da nawa?" Sa'adu kuwa sai ya russuna a inda yake, kamar ana ganinsa, ya ce, "In Allah ya yarda, Malam." Kowa ya san irin wannan in Allah ya yardan. Tsohon ma ya sani, amma bai taɓa fasa bugowa ba.

Sa'adu ɗan Rabah ne, shi ne kocin ƙwallon kwando na kwalejin da ke Wurno. Malam Ma'azu ne ya fara ɗora masa ƙwallo a hannu, can a sakandare a Goronyo, lokacin yana dogo siriri kamar karan dawa, ba ya gudu bai harɗe ƙafafunsa ba. Da tsohon ya yi ritaya ya koma garinsu Rimawa, zama ya gagare shi. Ya sa mai walda ya lanƙwasa masa ƙarafa biyu, aka kafa su a kan turaku a gefe da gefen daɓen shanya, ya ɗaura musu jar raga ta buhun albasa. Samarin gari suka riƙa zuwa bayan sun taso daga fadama, wasu da silifa, wasu ƙafa tsirara. Tun daga lokacin suke bugawa, su ya su, ba su taɓa karawa da kowa ba.

A kwaleji kuwa, Mainasara, shugaban sashen wasanni, ya haddace amsarsa.

"Mi za mu samu?" in ji shi. "In munka ci su, a ce mun ci 'yan ƙauye. In sunka ci mu, ina za mu sa kanmu? Ga daɓen siminti duk tsaga, wani ya karye, ga gasar jiha tahe."

Sa'adu yakan gyaɗa kai, har ya ji daɗi an ba shi abin fakewa. Don shi ba tsoron karaya yake ba, balle na shan kaye. Kunya ce ke cinsa. Ya san abin da yaransa za su yi wa 'yan Rimawa, kuma bai ga ta inda zai tsaya a garin malaminsa, a gaban jama'arsa, ya sa a yi wa wahalar tsohon kaca-kaca ba. Gara ya yi ta cewa in Allah ya yarda har tsohon ya gaji.

Bana sai wayar ta zo da wata magana. Bayan gaisuwa tsohon ya ce, "Sa'adu, idona ya hwara yi min gardama. Na tai asibiti Sakkwato, sun ce abin ba ya komawa baya. Ina son in ga wasa guda na ƙwarai bisa daɓen ga tun ina gani."

Ranar Sa'adu bai iya cin abincin rana ba. Ya je ya zauna a ofishin Mainasara ya ƙi tashi, har mutumin ya gaji ya ce to, a je, amma sai bayan gasar jiha. Sa'adu ya ga ai an yi adalci. Watanni kaɗan ne, me zai faru? Haka sanyin ɗari ya shiga ya fita, aka yi gasa aka gama, sai da zafi ya kankama ana ta ɗibar albasa sannan motar kwaleji ta kama hanyar Goronyo.

Sun isa Rimawa da hantsi, sun tarar gari ya fito. Malam Ma'azu na zaune a kan tabarma ƙarƙashin dalbejiya, 'yarsa Hassana na tsaye a bayansa. Sa'adu ya cire takalmi ya durƙusa. Tsohon ya kama hannunsa da hannu biyu, ya daɗe yana riƙe da shi yana dariya.

"Ka yi ƙiba, Sa'adu. Hannun ga ba na mai ƙwallo ba na."

Sa'adu ya so yaransa su ɗan sha ruwa kawai, a ci abinci bayan wasa. Wa zai saurare shi? A Rimawa baƙo ba ya zama a mota. Kafin ya buɗe baki an raba 'yan wasan gida-gida, kowane ɗan kwaleji ya bi wani ɗan Rimawa zuwa ɗakin uwarsa. Khalid, kyaftin ɗinsu, wanda sai ya sunkuya yake shiga kowace ƙofa, ya faɗa hannun Inna Ikilima, mahaifiyar Usaini, gwanin 'yan Rimawa. Ta yanka masa zabuwa, ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar sure, ta dama fura, ta zauna a gabansa tana yi masa fifita tana cewa, "Ci, ɗana, ci. Wanga tsawo duk da mi za a cika shi?"

Bayan la'asar aka hura usur. Maza sun kewaye daɓen, mata sun jeru jikin katanga, har 'yan kabu-kabu sun kashe babura sun hau kansu sun tsaya.

Ba a jima ba Sa'adu ya gane akwai abin da ke faruwa. Yaran da suka gigita manyan ƙungiyoyi a gasar jiha, yau sai tafiya suke kamar masu rakiya. Usaini ya taho da ƙwallo, Khalid ya ɗaga hannu rabi-rabi ya bar shi ya wuce. Wani ya tashi ƙwace ƙwallo, ya hango matar da ta zuba masa miya ɗazu tana kallonsa, sai ya mayar da hannu. Da aka tafi hutun rabin lokaci Sa'adu ya ja Khalid gefe.

"Kai, mi ku ka yi haka?"

Khalid ya sosa ƙeya. "Koci, ta ƙaƙa zan doke ƙwallon ɗanta gabanta, zabuwarta na cikina?"

Sa'adu ya haɗe rai don dole, amma a zuciyarsa sanyi ya ji. Ga shi an zo, ga shi ba a ci mutuncin kowa ba, maki na tafiya kusa da kusa, gari na ta sowa. Ya ce a ransa Allah ya raba shi da abin da ya daɗe yana gudu.

Aka dawo daga hutu, aka yi musayar gefe kamar yadda ake yi. 'Yan Rimawa da ke jefawa yamma suka koma gabas. Usaini ya zura ɗaya, wuri ya kaure da ihu. Sa'adu ya waiga don ya ga fuskar malaminsa.

Tsohon yana murmushi, yana tafi. Amma fuskarsa na kallon yamma, wajen kwandon da babu kowa a ƙarƙashinsa, kuma sai da jama'a suka fara tafi sannan ya bi su.

Sa'adu ya bar bakin daɓen. Ya zagaya bayan mutane ya sami Hassana.

"Tun yaushe?" ya tambaye ta a hankali.

Ta sunkuyar da kai. "Tun tsakiyar ɗari, Yaya Sa'adu. Yanzu haske da duhu kaɗai ya ka rarrabewa. Shi ya hana a hwaɗa maka. Ya ce in ka ji, ko ka ƙi zuwa, ko ka zo don tausai."

Tsakiyar ɗari. Lokacin shi yana Wurno yana lissafin gasa, yana cewa watanni kaɗan ne. Duk shekarun da tsohon ke da ido, shi yana can yana kare shi daga kunya, har ya kare shi daga abu ɗaya da ya roƙa.

Ya ɗaga hannu alƙalin wasa ya tsayar da wasan. Ya je ya durƙusa a bakin tabarma. Tsohon ne ya riga shi magana.

"Sa'adu na? Zamna. Yaranka ba su da lahiya?"

"Lahiya lau, Malam."

"To ban ji takalminsu na kuka bisa siminti ba. Ban ji kowa na haki ba." Ya ɗan yi dariya. "Kara anka yi muna, ko? An ci tuwonmu an ji nauyi."



"Na gode da karar," in ji tsohon, muryarsa ta yi ƙasa. "Amma ni ba ci ni ka so ba. Shekara da shekaru ina tara ɗiyan mutane nan, ina hana su hutu bayan aikin hwadama. So ni kai in sani, abin da ni ka koya musu kwando na, ko ko wasan banza na. Ido ya tahi, Sa'adu. Saura kai. In kai ma ka yi min kara, wa zai hwaɗa min?"

Sa'adu ya tashi ya tara yaransa a tsakiyar daɓe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce musu su buga kamar yadda suka buga a gasar jiha, kada su rage komai, wanda kuma ya sake ɗaga wa wani ƙafa ya san ya ci amanar tsohon nan da ke kan tabarma. Khalid ya saci kallon jikin katanga. Ashe Inna Ikilima ta ji komai.

"Kai ɗana!" ta ɗaga murya. "In ka ƙara ƙyale shi ya wuce, ka maido min zabuwata!"

Wuri ya fashe da dariya, har Usaini sai da ya dafa gwiwa. Sa'adu ya ce wa Khalid ya ja ragamar ƙungiya da kansa. Shi kuwa ya koma ya zauna a tabarma, kafaɗarsa na gogar ta malaminsa, ya juyar masa da fuska a hankali zuwa gabas.

Daga nan takalma suka fara kuka.

Abin da Sa'adu ya yi shekaru yana tsoro ya faru a gabansa, kuma da bakinsa ya riƙa faɗa. "An ƙwace, Malam. Mun ci. An kuma ƙwacewa. Khalid ya doke ta Usaini har waje." Kowace kalma sai da ta yi masa ɗaci. Jama'a suka yi tsit, tazara ta yi ta buɗewa har masu ƙirge suka daina. Tsohon bai motsa ba, sai gyaɗa kai.

"Sun sadda kai?" ya tambaya.

"A'a, Malam. Gudu su kai."

"Suna miƙa ma juna, ko kowa ya koma ta kainai?"

"Suna miƙawa."

"To madalla. Ci gaba."

Rana ta yi ƙasa, inuwar dalbejiya ta kai tsakiyar daɓe. Sai 'yan Rimawa suka samu ƙwallo a gefensu. Suka miƙa ta hannu zuwa hannu ba ta taɓa ƙasa ba, ɗayansu ya tsaya ƙyam ya tare wa Usaini hanya, Usaini ya kutsa ya karɓa a ƙarƙashin kwando. Khalid na gabansa kamar bango. Usaini ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, Khalid ya tashi sama da dukan ƙarfinsa, shi kuwa ya juya a kan ƙafar hagu ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa ya ɗora ta. Jar ragar ta yi rawa.

Sa'adu ya san wannan juyin. A Goronyo aka koya masa shi, a ƙarƙashin rana, sau ba adadi, har ranar da ya daina harɗe ƙafa. Gari kuwa ya ɗauka, mata na guɗa, 'yan kabu-kabu na danna oda.

Tsohon ya damƙe wuyan hannunsa. "Mi anka yi? Sa'adu, mi anka yi?"

"Ta shiga, Malam. Usaini na. Juyin hagu."

"Ba shi anka yi?"

"Wallahi ba a ba shi ba. Khalid ya yi tsalle da gaske, ga shi can ƙasa zaune."

Malam Ma'azu ya saki hannunsa. Ya cire hularsa ya riƙe a cinya. Hawaye na bin gefen hancinsa, bai kuma share ba.

Da aka hura usur na ƙarshe kwaleji ta ci da tazara mai yawa, amma Khalid ne ya ɗaga Usaini sama a kafaɗa, Inna Ikilima na biye da su tana faɗa kada ya kayar mata da ɗa.

"Baɗi hwa?" in ji tsohon. Ya karkato kai, bakinsa ɗauke da tsokana. "In Allah ya yarda?"

Sa'adu ya yi dariya da jiƙaƙƙun idanu. "In Allah ya kai mu, Malam, ba sai ka bugo ba. Mu za mu zo mu share daɓen."

Tsohon ya mayar da hularsa, ya gyara zama, ya lalubo hannun Sa'adu ya sake riƙewa. Jama'a na watsewa, ladan na gyaran murya, direban kwaleji ya tayar da mota.

"Su jira," in ji tsohon. "Wancan juyin na Usaini. Sake hwaɗa min, tun daga inda sunka amshi ƙwallo. Sannu-sannu, in gani."