Kukan da Ba Ya Cikin Littafin Dokta

Ni direba ne. Aikina in kai masu kallon tsuntsaye gandun daji in dawo da su, kuma ba a tambayata komai sai inda na ajiye ruwan sanyi. Ba wanda ya san cewa inda suke kafa kyamarorinsu nan gonar babanmu take, kafin a zagaye wurin da waya a ce mu tashi.

Ran nan da yamma muna harhaɗa kaya, sai wani kuka ya taso daga cikin itatuwa: huu, huu, na ukun ya karye a tsakiya.

Dokta, shugaban tafiyar, ya ɗaga hannu. "Shiru! Mujiya ce. Amma wace iri?"

Nan take na gane kukan. Baba ne ya koya mana wannan kiran da tafin hannu, don mu nemi juna a gona. Yayana ne ke kirana. Har yau yakan saci jiki ya shiga duba amyoyin zumar da Baba ya ɗaura a bishiyoyi. Motata ya hango, gaishe ni yake yi. Ga kuma mai gadin gandu tsaye a gefena da bindiga a kafaɗa, wanda duk ya kama a ciki sai kotu. Na ci gaba da harhaɗa kaya kamar ban ji kiran ba.

Kukan ya sake zuwa, Dokta ya naɗe shi a waya. Ya buɗe littafinsa mai kauri yana ta juya shafi, gumi na ɗiga daga hancinsa. Mutumin da ya shekara talatin yana karanta tsuntsaye, ya kasa gane hannun ɗan Adam!

"Babu ita a nan," ya ce, cike da murna. "Bari mu kira ta."

"Ranka ya daɗe, duhu zai yi mana," na ce.

Ko kallona bai yi ba. Ya haɗa wayar da ƴar lasifika, kukan Yaya ya koma cikin daji.

Ganye ya motsa, duk suka ɗaga kyamara. Sai ga Yaya ya fito da bokiti a hannu, yana washe baki, ya zaci ƙaninsa ne ya amsa. Mai gadi ya damƙe wuyan rigarsa. Dokta ya yi tsaki ya goge abin da ya naɗa, wai an ɓata masa lokaci. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsane shi a lokacin ba.

Ana ɗaure masa hannu, Yaya ya dube ni.

"Auta, kai ka kira ni?"

"Wallahi, Yaya, ba ni ba ne. Na'ura ce."

Ya gyaɗa kai.

"To," ya ce. "Ashe ma ba ka amsa ba."