Agogon Meshach

Saƙon ya sake fitowa a allon kwamfuta, Kauthar ta dafe kai. Aikin da take kai yaren shirya manhaja ne, ita ta ƙirƙira shi da umarninsa na Hausa, don ɗaliban cibiyar koyon kwamfuta da ke Karu. Bayan azahar Darakta Fu'ad zai zo gani. Idan bai yi aiki ba, ajin ya mutu ke nan.

A tsarin Linux ta rubuta shi, kwamfutocin cibiyar kuwa Windows ne, sai ta shimfiɗa wata manhaja a tsakani mai yi musu tafinta. Amma da ta fara harhaɗa yaren sai ya cije, wai fayilolinta na ɗauke da lokacin da bai zo ba tukuna, ta duba agogo. Ta duba, daidai yake. Ta zargi tafintan, ta goge shi ta sake ɗorawa, shiru.

Meshach, mai kula da na'urorin cibiyar, ya shigo yana cin gyaɗa.

"Madam, har yanzu bai tashi ba?"

"Meshach, a wace kwamfuta ka kwafo min fayilolin nan da safe?"

"A tawa mana."

Ta leƙa teburinsa. Agogon kwamfutarsa ya riga ya kai la'asar, alhali ko azahar ba a kira ba.

"Kai, mene ne wannan?"

Ya sosa ƙeya. "Go-slow, Madam. Unguwarmu Orozo da nisa. In oga ya leƙo ya ga agogo, sai ya ce in tashi."

Mutumin da ya shekara yana satar yamma, yau ga shi inji ya kama shi! Kauthar ta yi dariya har da hawaye. Ashe lokacin kwamfutarsa fayilolin suka ɗauko. Ta tura agogon kwamfutarta gaba ya cim ma nasa, ta sake gwadawa. Layukan rubutu suka zubo a allo kamar an buɗe famfo, ba su tsaya ba sai ƙarshe.

Da Darakta ya iso, ta rubuta umarni da Hausa tsantsa, injin ya bi. Ta ji kanta ya yi girma, ba ta kuma ɓoye ba.

"Aji ya ci gaba," in ji shi. Sai ya kalli agogon da ke gefen allon. "Subhanallahi, haka na tsare ku? Ku tashi, kada go-slow ya kama ku."

Meshach ya kalle ta. Kauthar ta ɗauki jakarta, ba ta taɓa agogon ba.