Labulen Shinkafa

Shekara ashirin da ɗaya ina noman shinkafa, kuma abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne ihu. Da zarar ta fitar da kai, tsuntsaye za su sauko kamar an raba musu katin gayyata, ni kuma in tsaya tsakar gona ina kaɗa gwangwanaye, ina "Haa! Haa!" har maƙogwaro ya bushe. Unguwa ta raɗa mini suna Lasifika. Matata ma, in na ɓata mata rai, da shi take kirana.

Ga shi ruwan kogi ya daina hawowa fadamar da nake nomawa kamar da, bayana kuma ya sanƙare wajen dashe. Bana sai matata ta ce, "Baban yara, ka shuka kankana mana. In ga tsuntsun da zai iya tashi da ita."

Matsalar Baffa ce, ƙanin mahaifina, wanda rabon gonakin gidanmu ke hannunsa. Ranar da ya ba ni fadamar ya kafa sharaɗi: shinkafa kakanmu ya noma a nan, duk ranar da na sa wani abu zai karɓe ya ba ɗansa mai gyaran rediyo, mutumin da bai san shinkafa ba sai a cikin kwano.

Sai na yi dabara, irin wadda har yau nake mamakin daga kaina ta fito. Ciwon gwiwa ya hana Baffa shiga gona, daga kan babur yake leƙawa ya wuce. Na dasa shinkafa layi uku a bakin hanya, inda ruwa ke kwanciya, bayanta kuwa kankana har ƙarshen gona. Shinkafar ta tashi ta zama labule.

Kai, na sha daɗi! Kankana ta yi ta yaɗo, tana zuba 'ya'ya kamar kawunan jarirai. In zauna a inuwa in miƙe ƙafa, tsuntsu ya wuce in ɗaga masa hannu. Muryata ta dawo, har na gano ashe na iya waƙa. Matata ta ce ban iya ba.

Ran nan da hantsi ina kwance ina ƙwanƙwasa wata ƙatuwa don in ji ko ta nuna, sai na ji babur ya tsaya, aka kashe shi. Baffa bai taɓa kashe babur a nan ba.

"Kai, Lasifika! Kana raye?"

Na yi tsalle na faɗa cikin labulen. "Lafiya lau, Baffa! Sannu da zuwa!"

"Shinkafa ta fitar da kai kwana goma, ban ji ihunka ba. Gwaggonka ta ce in zo in duba ko gawa za mu ɗauka."

Nan na tuna abin da na manta. Na ɗaga kai na kurma "Haa! Haa!" da iya ƙarfina. Babu ko tsuntsu ɗaya a sama. Wata akuya can nesa ce kawai ta amsa.

Baffa ya sauko yana ɗingishi, ya sa sanda ya buɗe shinkafar, ya yi taku biyu, ya yi tuntuɓe da ƙatuwar nan.

"Wannan fa?"

"Wallahi Baffa, ciyawar bana ce, sai a hankali."

"Kawo wuƙa in ga ciyawar."

Na yanka ta, ina ganin mai gyaran rediyo tsaye a gonata da sukundireba. Baffa ya cinye yanka uku, ruwan na bin gemunsa. Sannan ya tofar da ƙwallo ya ce, "Sakarai. Layi uku wa zai rufe? Biyar ake yi. Kuma ana ihu, ko sau biyu a rana."

"Baffa, kai ina ka sani?"

"Shekara huɗu albasa nake nomawa a tawa gonar. Ka ɗauka tsuntsu nake kora kowace safiya? Gwaggonka, yayar nan tawa, nake yi wa, kada ta ji shiru ta gane na bar shinkafa."

Na yi dariya har na zauna a kan kankana ta fashe. Fadama ta tsira. Baffa ya ɗaure guda biyu a bayan babur, ya ce in ajiye masa iri, kuma gobe da safe in fara ihun, shi zai amsa daga tasa gonar.